Na'urar awon hawan jini ta gida: abin da ta yi min a Kano, da inda ƙarfinta ya ƙare a ƙauye

Ranar da malamar awo ta rubuta 146/94 a katina, ta kuma zagaye shi da jan biro, ban wuce gida ba. Daga bakin asibiti na tari ɗan sahu zuwa wani shagon kayan asibiti a cikin gari, na ce a ba ni abin awon hawan jini. Cikina na huɗu ne, sati 26. Haihuwa uku na yi sumul, ko ƙarin ruwa ba a taɓa yi min ba, shi ya sa jan biron nan ya tsaya min a rai.

Yaron shagon ya fito da iri uku. Ɗaya ta wuyan hannu ce kamar agogo, ɗaya ta damtse mai batir, ta ukun irin ta asibiti mai famfo da abin saurare. Zuciyata ta so ta wuyan hannun don ta fi araha kuma tana shiga jaka, sai na tuna abin da malamar ta ce min ina ɗaura mayafi: "Hajiya, in za ki saya, ki sayi ta damtse, waccan wasan yara ce." Bayan ciniki na biya naira 22,000. Sunan da ke jikin kwalin ba zai ƙara miki komai ba, don na ga irinta sak a shaguna uku, kowane mai shigo da kaya da sunan da ya buga a kai.

Farar roba ce, ba ta fi girman ƙaramin rediyo ba. Maɓalli ɗaya ne babba, ki danna ta hura, ta matse damtsen, ta saki. Lambobin manya ne, ko ba gilashi ina ganinsu: na sama, na ƙasa, sai bugun zuciya. Tana cin batir huɗu irin na agogon bango. Ɗamarar da ake naɗawa a hannu an rubuta a jikinta santimita 22 zuwa 32, kuma wannan rubutun ne abin da ban kula da shi ba a shago, ga shi kuwa ya fi sunan kamfanin muhimmanci. Ɗamara in ta yi wa hannu kaɗan, sai ta nuna jini ya hau fiye da gaskiyarsa. In ta yi yawa, sai ta rage. Damtsena da na auna da tef ɗin ɗinki santimita 31 ne, da ƙyar na tsallake. Maƙwabciyata mai jiki da ta zo gwadawa, 170 ta gani ta kusa suma, ta je asibiti aka auna da babbar ɗamara aka samu 138.

A awo na gaba na tafi da ita, na roƙi Sista ta gwada ni da tasu sannan da tawa. Ta yi dariya, amma ta yi. Tasu ta ce 142/92, tawa 139/90. Ta ce ba laifi, sai dai ta ja min kunne da abin da ba a rubuta a kwali ba: na'urorin batir da yawa ba a gwada su a jikin masu ciki ba, kuma in ciwon ya yi nisa sukan nuna lamba ƙasa da ainihi. "In kanki yana sarawa, ko kina ganin walƙiya a ido, ko nan ƙasan haƙarƙarin dama yana ciwo, ki taho. Ko da ta ce miki 120, ki taho."

Likita ya ɗora ni a kan Aldomet, daga baya ya ƙara nifedifin. Duk zuwa sai an tsoma ɗan tsinken takarda a fitsari a ga ko akwai furotin, don hawan jini kaɗai daban, hawan jini da furotin bayan sati 20 kuma shi ne share fagen jijjiga, wadda iyayenmu ke kira taune-taune. Ni kuma safe da dare ina zama a kujera, bayana a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, in yi shiru minti biyar kafin in danna. Shirun nan shi ne mafi wuya a gida mai yara uku. In na auna ina yi wa wani tsawa, sai lamba ta tashi da goma. Ina auna sau biyu, in rubuta a littafin makaranta mai shafi 40. Na'urar tana ajiye awo a cikinta, amma duk lokacin da aka cire batir kwanan watan sai ya rikice, don haka na daina dogara da ita a wannan. Littafin ne likita yake karɓa ya duba.

A sati na 35, wani daren Laraba, na farka da kai kamar ana buga guduma. Na auna, 164/112. Na jira, na sake, 166/110. Na tashi Baban yara. Bai tsaya tambaya ba, don tun farko na manna masa lambobin a jikin firji: 140 da 90 a sanar da likita, 160 ko 110 a ɗauko mukulli. Minti 25 muka yi a hanya, titi ba kowa. Kafin ƙarfe uku an yi min allurar maganiziyam, maganin da ke hana jijjiga, ɗaya ta jijiya a hankali, biyu a ɗuwawu, kowane ɓangare ɗaya. Duk wadda aka taɓa yi wa ta san zafin nan da yake bin jiki tun daga wuya kamar an watsa ruwan ɗumi daga ciki. Washegari aka tayar min da naƙuda, don ciwon nan ba ya tafiya sai mabiyiya ta fita. Yarinya ta zo da nauyin kilo 2.1, ga ta nan yanzu tana fasa min kofuna.

Ba zan ce asibitin aljanna ba ne. Safar hannu mu muka saya, gadon ma sai da wata ta tashi. Amma allurar tana cikin kabad, kuma wadda ke aikin dare ta san awonta ba tare da ta buɗe littafi ba. Daga baya na ji cewa a Kanon ma ba haka abin yake tun asali ba. Da can Valium ake ɗura wa mai jijjiga, ta yi ta barci, jaririn ma ya fito a sanɗare. A 2008 aka shigar da maganiziyam asibitocin gwamnatin jihar guda goma, aka koya wa likitoci da ungozomomin asibiti yadda ake ba da shi, sai mace-macen masu wannan ciwo a asibitocin suka sauko daga kusan kashi 21 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 3. Maganin ba sabo ba ne, ba kuma mai tsada ba ne. Kai shi inda matan suke ne ya ɗauki shekaru.

Na'urar ta sake yi min rana a jego, ta fuskar da ban zata ba. Inna ta zo da kanwarta a ƙulle a leda, ta ce kunu za a dama, ga wanka da ruwa mai tafasa safe da yamma. Likita kuwa ya hana kanwa, ya ce gishiri ce, tana ƙara hawan jini, kuma ciwon yakan biyo mace har sati shida bayan haihuwa, wasu ma bayan sun haihu suke jijjigar. Likitocin Zariya tun shekarun 1970 suke rubutu a kan ciwon zuciyar masu jego da alaƙarsa da kunun kanwa da kwanciya a gado mai wuta a ƙasa. Na faɗa wa Inna duk wannan, ta ce, "Mu da muka haifi tara da kanwar fa?" Da bakina ba zan taɓa cin gardamar nan ba. Sai na riƙa aunawa a gabanta, ta ga 150 tana sauka a hankali zuwa 130. Ranar nan ta miƙo nata hannun ta ce in gwada ta. 172/98. Yau shekara biyu ke nan ita ma tana shan magani. Kunun gyaɗa muka sha har arba'in.

Da a nan labarin ya tsaya, da na ce kowace mai ciki ta je ta saya, shi ke nan.

Da ƙaramar Salla muka je ƙauye, can cikin Jigawa inda autarmu take aure. Shekararta 19, cikin fari, wata huɗu, tana ta ɓoye shi da hijabi don kunya. Likitana ya taɓa ce min mai cikin fari ta fi shiga haɗarin, haka wadda uwarta ko 'yar'uwarta ta yi, to Auta ta haɗa biyun. Na bar mata na'urar da batir takwas sababbi. Na koya wa mijinta, don shi ne mai karatun boko sosai a gidan. Na ɗauki maka na rubuta a bayan kwalin da manyan baƙi, layi biyu, 140/90 da 160/110, na ja jan layi a ƙarƙashin na biyun.

A can ne aibobin da ban taɓa gani ba a Kano suka fito. Allon ba shi da fitila, sai an haska da tocilan waya, wayar kuma sai an kai caji kasuwa. Batir masu kyau da suke yi min wata uku, da suka ƙare aka sayi na tireda, sati biyu suka yi. In batir ya yi sanyi ba ta mutuwa gaba ɗaya, sai ta hura rabi ta tsaya ta nuna harafin E, su kuma su ɗauka ta lalace. Ƙura ta cika maƙalin ɗamarar, tana hurawa tana ɓarewa. Damtsen Auta kuwa bai kai santimita 22 ba, siririya ce, ke nan duk lambar da suka gani wataƙila ta fi haka. Mafi girman aibinta shi ne ba ta gargaɗi. 118 da 168 duk da baƙin rubutu iri ɗaya take nuna su, ƙara iri ɗaya take yi. Akwai wata da ake kira CRADLE VSA, kamfanin Microlife ya ƙera ta tare da masu bincike na King's College da ke Landan, musamman don masu ciki a wurare irin namu. Da hannu ake hura ta, da cajar waya ake cajinta, kuma tana kunna fitila kore ko ruwan ɗorawa ko ja. Irinta ƙauye yake bukata, don ja ba ya bukatar tafinta. Na zaga shaguna ban same ta ba.

Ƙaramin asibitin da suke zuwa awo yana ƙauyen gaba, ranar kasuwa kawai ake awon, ma'aikaci ɗaya ne kuma namiji. Abin awonsu ya lalace tun kafin azumi, tsinken gwajin fitsari kuwa Auta ba ta taɓa gani ba. Ana shafa ciki, a ba da jan ƙwayar ƙarin jini, a ce a dawo wata mai zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 take cewa mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas, Auta sau uku ta je, kuma a ukun ba a ɗaura mata komai a hannu ba. Har ma'aikacin ya riƙa aron na'urarmu ranar kasuwa, yana auna matan gari da ita. Na ji daɗin haka, na kuma ji takaici.

Ƙafarta ta kumbura, aka ce tagwaye ne, wasu suka ce namiji ne. Fuska ta kumbura, aka ce ciki ya karɓe ta. A watan Agusta, bayan sallar isha'i, mijin ya kira ni. "Yaya, ta nuna 158 a sama, 108 a ƙasa, kuma tana cewa kanta." Na ce, "Malam, ku tafi yanzu, kada ku jira ta kai layin da na ja." Ya ce an yi ruwa tun la'asar, rafi ya kawo, mota ba ta shigowa, babur kuma wa zai ɗora mai cikin wata takwas a cikin taɓo da duhu. Uwar mijin ta karɓi wayar ta ce, "'Yata, ki kwantar da hankalinki, Allah ya kai mu safiya." An yi mata hayaƙi, an ba ta rubutu. Na daɗe ina jin haushin tsohuwar nan, amma da na je na ga rafin da idona sai na rage. Ba mugunta ba ce. Ita ma ta auna, kuma abin da ta auna hanya ce.

Gab da asuba Auta ta fara jijjiga, ta taune harshenta. Da amalanken shanu aka tsallakar da ita zuwa bakin titi, aka samu direban tasha ya ɗauke su. Asibitin farko da suka tsaya ba allurar, aka rubuta musu takarda zuwa babban asibiti. Hantsi ya yi kafin a yi mata abin da aka yi min cikin awa ɗaya. Ta tashi, alhamdu lillahi, bayan kwana biyu ba ta san inda take ba. Yaron bai zo da rai ba. Namiji ne, kamar yadda suka ce.

Na'urar ta yi aikinta a daren nan, ban ga laifinta ba. Lambar da ta nuna wa Auta kusan ita ce ta nuna min. Ni lambar ta zama mukullin mota, ita kuma ta zama abin kallo a tocila har gari ya waye. A Jigawan ma ba ko'ina ne haka ba. Waɗanda ke kusa da Jahun suna da sashen haihuwa da ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki a ciki tun 2008, ba a biyan kuɗi, har daga jihohin maƙwabta ake zuwa. Akwai kuma shirin Haihuwa Lafiya na jihar da ya raba motocin ɗaukar masu naƙuda a wasu ƙauyuka. Ƙauyen su Auta dai ba ya kusa da Jahun, kuma mota ko ta waye ba ta tsallaka rafin nan in ya kawo.

Babbar yayarmu tana aure a Agege, a Legas. Lokacin da na ce mata na sayi na'ura, cewa ta yi, "Ke da ɓarnar kuɗi, ni a layinmu kemis biyu ne ke aunawa." Gaskiyarta ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 39 cikin 100 ne ke haihuwa a asibiti a Najeriya, amma in aka rarraba, Kudu maso Gabas ta haura 80, mu Arewa maso Yamma ba mu kai 20 ba. Jihar Ondo tun 2009, zamanin Gwamna Olusegun Mimiko, ta fara shirin Abiye, inda aka haɗa kowace mai ciki da ma'aikaciyar da ke bibiyarta, har da ba ta wayar da za ta kira. Ba wai can babu asara ba ne. Yaya da kanta ta ba ni labarin matan da ke kwana a gidajen addu'a da kumburarriyar ƙafa, da wadda ta yi jijjiga a cikin cunkoson motoci, da kuɗin ajiya da asibitocin kuɗi ke nema kafin a taɓa mace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya a 2020 sanadin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya, kuma hawan jini yana sahun gaba tare da zubar jini.

Sai dai ni maganar Kudu da Arewa ba ta cika gamsar da ni ba, don tana ɓoye wani abu. Daga gidana zuwa Agege tafiyar yini da dare ce a mota, daga gidana zuwa ɗakin Auta awa uku da rabi. Amma a daren da jini ya hau, ni da Yaya gari ɗaya muke. Auta ce take wata ƙasa.

To, a saya ko kada a saya? In kina birni, asibiti mai allurar yana kusa, kuma an taɓa zagaye miki lamba da jan biro, ki saya ko da za ki fasa ɗinkin suna. Ki tafi shago da tef ki auna damtsenki, in kin wuce 32 ki nemi mai babbar ɗamara, akwai masu kaiwa 42. Ki kai ta asibiti a gwada da tasu. Kada kuma lamba ta sa ki tsaya a kemis ki ce a ba ki maganin hawan jini, ko ki ɗebi na maigida ko na Hajiya. Irin su lisinofril da ake ba manya suna illata ƙodar jariri a ciki. Na san wadda ta yi haka don ta ga 150 ta tsorata, sai da likita ya yi mata faɗa kamar zai dake ta.

In ƙauye za a kai ta, ita kaɗai rabin kyauta ce. Da zan maimaita, da kuɗin na'urar da wasu dubu ashirin zan haɗa, in ba mijin ya ajiye ba don komai ba sai mota. Da na karɓi lambar direba biyu na rubuta a kwalin, ƙarƙashin jan layin. Da na tambaya tun da rani wane asibiti ne yake da maganiziyam, don kada a ɓata awa guda a inda babu. Da kuma na zauna da uwar mijin, ba mijin kaɗai ba, na ɗaura mata ɗamarar a nata hannun kamar yadda na yi wa Inna. Ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa gorar na kai musu na dawo Kano ina ganin na gama.

Auta tana da wani cikin yanzu, wata uku. Wannan karon likitana ya gan ta, ya rubuta mata ƙaramin asfirin mai miligiram 75 kullum da ƙwayar kalsiyam, ya ce irinta ake ba wa tun da wuri. Mijin ya yarda ta taho goyon ciki wurina da zarar ta shiga wata shida, kafin ruwa ya sauka, uwarsa ce ma ta fara kawo maganar. Na'urar ta dawo hannuna, bututun ya tsage a gindi na naɗe shi da salatif, har yanzu tana bin ta asibiti da bambancin maki uku ko huɗu. Jiya na koma shagon neman ƙaramar ɗamara mai daidai da hannun Auta. Yaron ya ce ba sa kawowa don ba a tambaya, amma in na bar kafin alƙalami zai sa a taho da ita daga Legas. Na bar masa dubu uku.